Kwanon Iya Rofiat

Mama,

Jiya Asabar da hadari ya haɗo bayan la'asar, ina wajen laccar nan ta kyauta a Fagge, kan matan unguwa na da. Leƙawa kawai na yi, sai na ji malamar ta ambaci kakata, Iya Rofiat. Ashe duk ranar da jirgin ƙasa ya kwana a tasha, ita ke ɗaukar tuwo a ka ta ciyar da fasinjoji. Wani tsoho ya miƙe ya ce, "Ni nan na ci, har da ƙari!" Wallahi na kasa tashi in taho gida.

Yau za a rufe taron, suna neman wanda ya san ta. Ni sunanta kawai na sani, ke kaɗai kika rage. Don Allah ki shirya ƙarfe huɗu, ki ɗauko babban kwanonta na ƙarƙashin gado. Kar ki ce kunya.

Na tafi lodi tasha. Ki yafe min shanyar da kika bar min, ruwa ya riga ni gida. Barkono tabarma biyu ya jiƙe, kuɓewa faifai ɗaya ta bi kwata, da takalmina wari guda.

Waliu