Sitti ta faɗi a Jamus, gidanmu sun ce aljanu ne

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar a zage ni, na zagi kaina ya isa.

A unguwar Hindawiyya nake, nan Makka aka haife ni. Watan jiya ni da Kawu muka kai kakata, muna ce mata Sitti, Jamus a duba mata zuciya. Da aka sallame ta, an ɗora ta kan maganin tsinka jini, ta ce sai ta ga gari. Kawu yana da sabga, sai ya haɗa mu da mai mota ya kai mu wani ɗan ƙaramin tsohon gari mai ganuwa, gidajen katako duk sun karkace, lunguna shimfiɗe da duwatsu masu santsi. Ya ce min, "Ko banɗaki za ki, da ita za ki."

To ni ban da haƙuri. Sitti taku ɗaya, hutu ɗaya. Na zaunar da ita kan benci a dandalin garin, na ce yanzu zan dawo, na bi 'yan yawon buɗe ido muka hau hasumiyar wata coci don in ɗauki hoto. Hoto fa! Ina saukowa na tarar da ita zaune a ƙasa, wata Baturiya ta tallafe ta, tana nuna min ƙeyar Sitti tana cewa likita, likita. Ashe Sitti biyo ni ta yi, santsi ya kwashe ta ta faɗi. Babu jini, sai ƙulu. Sitti ta ja mayafi ta rufe, ta ce, "Halas, ya binti, shi ke nan 'yata. Kar kawunki ya ji, ba za ki ƙara leƙa ko ƙofar gida ba." Na yi shiru, har daɗi na ji.

Tun da muka dawo take ciwon kai. Yanzu tana amai, tana jan ƙafar hagu, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Kawu ya ga hotunan garin a wayata, ya ce ai ga shi nan, irin waɗannan tsofaffin gidaje ba a rasa mazauna, aljanu ne suka shafe ta. Kullum mai ruƙiyya yana zuwa, ana shafe ta da zamzam, ba mai zancen asibiti. Na ce a mayar da ita a duba, Kawu ya ce, "Likitocin Jamus sun duba ta kaf, me ya rage? Ko akwai abin da kika sani?" Na ce babu. Umma kuma sai sa min albarka take wai na riƙe mata uwa da amana. Wace amana?

Yau da safe da ƙyar aka tashe ta sallah. Ita da ta ce in yi shiru ba ta ma gane ni. In na faɗa, sai na faɗi cocin, da ƙaryar da na yi wa Kawu ido da ido. In ban faɗa ba, ina ji a jikina ba za ta kai Juma'a ba.

Me zan yi?