Sakan Talatin na Malama

Litinin, 3 ga Maris

Sun lalata shi. Shekara ashirin da shida ana yin Kujerar Tambaya ƙarfe shida na yamma, yau muka kunna talabijin, babu kujera. Mutum huɗu a tsaitsaye, kowa da maɓalli a gabansa, fitilu sai walƙiya suke. Dattijon da ke gabatarwa ya yi ritaya, sun kawo wani mai jar kwat da bai iya magana ba sai ihu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai, sun cire sakan talatin ɗin.

Da can in an yi tambaya sai a yi tsit. Ba kiɗa, ba surutu, sai ƙarar agogo har sakan talatin su cika. Yanzu amsoshi huɗu ake jerawa a allo, wanda ya riga danna maɓalli ya zaɓi ɗaya. Na auna da agogona: sakan biyar. Biyar!

Malama ba ta ce uffan ba har aka tashi.

Talata, 4 ga Maris

Bari in rubuta, kada gobe wani ya ce rigimar tsufa ce kawai ke damuna. Wata goma sha huɗu ke nan da Malama ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Matata, da ta shekara talatin tana koyar da labarin ƙasa, ana jin muryarta daga bakin ƙofar makaranta. Yanzu kalma tana nan a kanta, amma kafin ta iso baki sai an sha jira. Likita ta ce a riƙa sa ta magana kullum, in baki ya saba da shiru shi ke nan.

To a cikin sakan talatin ɗin nan ne kawai take magana. Ranar farko ba zan manta ba. Aka ce wane teku ne ya fi girma, ina duƙe ina neman silifas ɗina a ƙarƙashin kujera, sai na ji “Pa-si-fik” daga bayana. Sakan ashirin da biyu. Na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na ce sabulu ne ya shigar min ido. Daga nan kullum kalma uku, huɗu, wata rana har bakwai.

Shi ne wasu marasa aikin yi suka zauna a ofis suka ce shirun yana sa masu kallo barci.

Alhamis, 6 ga Maris

Na zare wayar talabijin daga bango, na naɗe ta, na rufe shi da tsohon zanen gado. A gidan nan dai an daina kallo sai ranar da suka dawo da shi yadda yake.

Auta ta biyo bayan ta tashi daga aiki, ta ga zanen, ta kama baki. “Baba, ka tambayi Mama kuwa?” Na ce me zan tambaye ta? Shekara arba’in da ɗaya muna tare, ke da kika zo jiya ce za ki gaya min abin da take so? Ta ce Allah ya ba ka haƙuri. Irin haƙurin nan da ake ba mutum alhali ana yi masa dariya a ciki.

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta wa gidan talabijin wasiƙa, shafi uku. Na ajiye takarda a kan kantar shagona, kusa da kwalin batir, duk wanda ya kawo gyaran agogo sai ya sa hannu kafin in buɗe masa bayan agogon. Tela na kusa da ni ya sa tun kafin ya karanta. Ya ce shi tun ranar da suka cire kujerar ya san ƙarshen duniya ya matso. Wata mata ta ce tsohon shirin ne ya koya wa ’ya’yanta zama wuri ɗaya, ta sa nata ta sa na mijinta.

Mai Kemis ne ya ƙi. “Haba Mai Agogo, duniya ta yi gaba. Wa zai zauna yana kallon mutum yana sosa ƙeya rabin minti?” Na ce kai da kake minti goma kana karanta rubutun likita kake wa wani gorin sauri? Mutane suka kwashe da dariya, ya koma shagonsa yana ƙunƙuni.

Hannu goma sha tara zuwa yamma.

Litinin, 10 ga Maris

Tunda sun daina, ni zan yi. Na rubuta tambayoyi goma sha biyar daga tsofaffin littattafanta, na ɗauko agogon auna gudu daga shago. Ƙarfe shida daidai na jawo kujera gabanta, na gyara murya. “Malama, ƙashi nawa ne a jikin babban mutum?” Na danna agogo.

Na zuba mata ido. Leɓenta ya motsa. Na ce yauwa, yauwa, fito da shi, saura sakan goma. Sai ta rufe baki, ta juya tana kallon taga. Ta biyu haka, ta uku haka. A ta shida ta sa hannun hagu ta ture agogon daga kan tebur. Bai fashe ba, mai ƙarfi ne.

Gajiya ce. Gobe za mu sake.

Laraba, 12 ga Maris

Yau ma babu. Ko kalma ɗaya.

Juma’a, 14 ga Maris

Sun ba da amsa. Layi biyu a waya: sun gode da ra’ayina, suna fatan zan ci gaba da jin daɗin sabon salo. Shafi uku na rubuta da hannuna! Na tabbata ko buɗe ambulan ɗin ba su yi ba.

Auta ta karanta min abin da mutane ke rubutawa a shafinsu. Wani ya ce sun mai da makaranta kasuwa, Allah ya yi masa albarka ko wane ne. Wata kuwa cewa ta yi sai yanzu shirin ya farka daga barci. Na ce ta rubuta mata cewa ita ce dai ba ta taɓa farkawa ba. Auta ta ce ba da wayarta ba.

Hannu talatin da huɗu. Ba zan sauka ba.

Talata, 18 ga Maris

Asibiti. Likita ta yi ta nuna wa Malama hotuna, kofi, kifi, gida, Malama ba ta faɗi sunan ko ɗaya ba. Likita ta tambaye ni yaushe rabon da in ji maganarta. Na ce sati biyu da kwana ɗaya, na kwashe labarin shirin kaf na gaya mata, har da tambayoyina da agogona. Na zaci za ta yaba. Sai ta ajiye biro ta ce, “Baba, kada ka mai da mata gida ɗakin jarrabawa.”

Yarinyar da ban fi shekara biyu da ganin ta fara sa farar riga ba.

A mota Malama ta jingina kai da gilashi har muka iso. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Ina tsoron “Pasifik” da ’yan’uwansa su ne iyakar abin da zan sake ji daga bakinta.

Alhamis, 20 ga Maris

Raina a ɓace yake.

Na manta gilashin ido ɗaya da nake duba cikin agogo da shi, na dawo gida wajen ƙarfe biyu. Tun daga ƙofa na ji ihun mai jar kwat. Ashe ana maimaita shirin da rana, ashe Auta tana zuwa lokacin hutun cin abincinta ta yaye zanen ta jona waya, in an gama ta mayar yadda na bari. Kwana biyu ke nan suna yi, tun da muka dawo daga asibiti. A gidana.

Na tsaya a bayan labule zan shiga in yi faɗa. Sai na ga Malama ta miƙe zaune, ba jingina. Tambaya ta fito, amsoshi suka jeru, ta ɗaga yatsu uku na hagu tun kafin kowa ya danna. Daidai. Ta gaba ta ɗaga ɗaya. Daidai. Ta gaba kuma ba ta ɗaga komai ba, sai ta ce “Huɗu!” Haka, a take, kamar ba ita ba. Mutumin cikin talabijin ya zaɓi biyu, ya faɗi. Ta girgiza kai ta ce, “Sa-ka-rai.” Auta ta faɗi ƙasa don dariya, Malama ma tana yi da rabin bakinta.

Na juya na koma shago ba gilashin. Ban gyara komai ba har na rufe.

Juma’a, 21 ga Maris

Na tare Auta a tsakar gida na ce munafunci ne abin da ta yi. Ba ta musa ba. Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, amma Mama ta san amsar tun kafin a gama tambaya. Jiran da ake mata ne yake ɗaure mata baki. A talabijin ba mai kallonta. Kai kuwa ka tsaya mata a ka da agogo, kana yauwa yauwa.”

Na ce to tsohon shirin fa, ai a cikin jira take magana. Ta ce lokacin kai ma talabijin kake kallo, ba ita ba.

Na ce ta fita min daga gaba. Tarbiyyar ’ya’yan yanzu ke nan.

Asabar, 22 ga Maris

Tela ya kawo min hannu shida daga masu ɗinki. Arba’in cif. Ban gaya masa komai ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na cire zanen da kaina. Ba wai na sauka ba ne. Wasiƙa ta biyu zan rubuta, kuma mutum ba ya sukar abin da bai gani ba, hujja nake tarawa. Haka na gaya wa Malama. Ta ɗaga gira ɗaya.

Tambaya goma sha biyar. Ta ci goma sha ɗaya, bakwai da baki, huɗu da yatsa. Ni biyu. Biyun ma ɗaya sa’a ce.

Rubutun ne ƙanana, kuma suna gudu. Kafin in gama karanta amsa ta biyu an danna, an yi tafi, an wuce. Har aka yi tambayar sakan nawa ne a kwana ɗaya. Ni! Shekara arba’in da biyar ina cikin agogo, ko daga barci aka tashe ni zan ce dubu tamanin da shida da ɗari huɗu. Amma ina can ina laluben lambar a allo, wata yarinya ta danna ta cinye. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Da can nakan ci takwas, tara. Ban taɓa auna sakan nawa nake ɗauka ba. Nata kawai nake aunawa.

Laraba, 26 ga Maris

Shirin dai har yanzu lalatacce ne, wannan ba canji. Kwat ɗin yau kore ne, ya fi na jiya muni.

A tambaya ta huɗu na sunkuya ina ƙanƙance ido, sai hoton ya tsaya cak. Mai kwat ya daskare da baki buɗe. Na ce to, ga shi nan, har na’urar tasu ma ta gaji. Na miƙe zan duba waya, sai na ga rimot a hannun hagun Malama, babban yatsanta a kan wani maɓalli. Ashe akwai na tsayar da hoto, Auta ta koya mata.

Ba ta kalle ni ba. Allon take kallo, kamar ba ruwanta da ni. Na koma na zauna, na karanta amsoshin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ɗakin tsit. Na ce, “Ta biyu ce.” Ta saki maɓallin. Ta biyun ce.

Haka ta yi ta yi min har aka tashi. Na ci tara. A ta ƙarshe na daɗe sosai, na ce ta sake shi kawai, na ɓata mata kallo. Ta girgiza kai. Bakinta ya yi ta kokawa, ni kuwa na kafa ido a kan allon, ban juya ba. Can ta ce, “Karanta... Malam. Ina... jiranka.”

Kalma huɗu a jere. Ban san sakan nawa suka ɗauka ba, agogon yana aljihuna.

Wasiƙa ta biyun tana nan, zan aika in na samu ambulan.