Allura Ɗaya a Ƙofar Masallaci

Funtua, 4 ga Maris

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Baba? Direba Awaisu ya kawo saƙonka, wai 'yan takardun gwajin suga sun ƙare, a aiko wasu, amma kada a haɗa da allura don akwai ta da yawa. Yaya, hamsin na aiko, na kusan wata biyu, suka ƙare a kwana tara? Yatsu nawa ne da Baba? Kuma na ce kowane gwaji sabuwar allura za a sa a abin huda yatsan. Ta yaya takardu suka ƙare allura na nan? Raina a ɓace yake, ka faɗa mini gaskiya.

A gaida Baba da kyau.
Ƙanwarka, Najiba

Dayi, 6 ga Maris

Najiba,

Wa alaikumus salam. Baba da sauƙi. Ashe aikin asibiti har tuhumar na gaba yake koyarwa? Ke kika ce a yi gwajin kafin a ci komai. To bayan Asuba muke yi, a ƙofar masallaci, kafin kowa ya sha koko. Malam Sanda ya gani ya miƙo yatsa, sai sauran dattawa suka bi layi. Mutumin da ya zo mana suna, ya zo jana'izar Inna, Baba zai ce masa ka tafi asibitin Malumfashi ka gwada? Har mutum biyu aka gano suna da suga, suna ta sa miki albarka. Allura kuwa ba ta dakushe ba, ina goge ta da auduga. Zubar da abu mai kyau almubazzaranci ne. Ki aiko takardun, ki bar faɗa.

Yayanka, Maharazu

Funtua, 8 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum. Albarka? Auduga? Ka ɗauki jinin wani ka sa a jikin mahaifinmu, sannan ka kira shi tattali! Jiya aka kwantar da Malam Sanda a wurinmu, idonsa rawaya fatau. Ciwon hanta ne, irin wanda ke bin jini. Shi da kansa ya ce in sanar da ku, yana ta yabon Baba wai ya fi likita kirki. Na fita waje na yi kuka don takaici. Wanzamin garinmu ma ya daɗe da daina kaciya da aska ɗaya, sai kai mai takardar sakandare.

Ka ɓoye abin hudawar nan yau. Ranar Alhamis ka kawo Baba da duk wanda aka taɓa hudawa, a gwada su. Ka kuma gaya mini abu ɗaya: Baba ake fara yi wa, ko bayan Malam Sanda?

Najiba

Dayi, 9 ga Maris

Najiba,

Wa alaikumus salam. Mu ashirin da uku ne, har da ni. Na ɗauki shatar motar Awaisu.

Kullum Baba ne na ƙarshe. Ya ce mai gida ba ya riga baƙinsa.

Ki yafe mini. Sai Alhamis, in Allah ya kai mu.

Maharazu