Kanannadon Baba da ragon Hamad

Hayyin Ashir, Alƙahira
Oktoba, 2013

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Ni lafiya lau, ina nan wurin gugar da nake yi.

Kin ce ƙwari sun cinye irin waken kanannadon Baba a rumbu, wanda yake ta ɓoyo tun muna yara saboda yawan harawarsa, kuma Inna ta ce sauran wanda ta ƙulla mini a leda ranar tahowata shi kaɗai ya rage. To, na shuka shi duka a saman benenmu, cikin tsofaffin bokitan fenti. Ya yi yaɗo har ya rufe tankin ruwa. Da ya fara fure sai furen ya riƙa zubewa. Na je kasuwar Ataba na tono wani tsohon littafin noma, na yi ta fama da Larabcinsa ni kaɗai. Ashe wake tun furen bai buɗe ba yake barbarar kansa. Garin nan rawaya na cikin furen shi ne namijin, yakan sauka kan tsinken tsakiya, ya tsiro wani siririn zare har ya kai ga 'yan ƙwayayen da za su zama wake. Amma in zafi ya yi yawa lokacin da garin ke haɗuwa, fanko yake fitowa, sai furen ya faɗi. Maganinsa a jira sanyi. Na jira, ni da kika sani ba na iya jiran tafasar shayi. Sanyi ya fara shigowa, fure ya fara kamawa.

Sai ga Sallar layya. A nan a saman bene ake ɗaure raguna. Maƙwabcina Hamad, dattijo ne Bahaushen Sudan, ya hau da nasa ina wurin aiki, ya ga ganye kore shar ba wake ko ɗaya, ya sa lauje. Da na dawo ya tare ni da fara'a, wai ya taimake ni ne, su ciyawar dabba tana fara fure suke yanke ta kafin ta tsufa. Da ya gane abin da ya yi sai ban haƙuri da Larabci, ma'alish, ma'alish, kamar ma'alish ɗin ana shuka shi.

Yaya, kin san bakina, ko direban bas ba na ragawa. Wallahi ban ce masa komai ba. Na tsaya ina kallon ragon yana tauna, ban ji komai a raina ba, har yau kuma ban ji ba.

Reshe ɗaya ya tsira a bayan tanki, da 'yan kwanso sirara kamar allura. In sun nuna zan ba Jibrin, ɗan garinmu da ke karatu a nan, ya kawo miki in zai taho hutu. In ba su nuna ba, khalas, shi ke nan. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ranar Sallah Awadiyya, matar Hamad, ta aiko mini da cinyar ragon guda. Na yi niyyar mayarwa, sai na tuna abin da ragon ya ci. Na soya, na zauna kusa da bokitan na cinye.

Ki gaida Inna, da Kawu Iliya, da Nana Aisha da mai sunan Baba.

Ƙaninki,
Sada