Hannun Auta Yana Rawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara.

Kin ce in faɗa miki gaskiya game da ƙwayar ciwon damuwar da likita ya ɗora ni a kai. To, ta yi aiki. Da farko na sha tashin zuciya da hamma kamar bakina zai yage, amma yau wata huɗu ina wanka ba sai an roƙe ni ba, kuma na sake buɗe shagon gyaran agogon Baba. Agogon bangon nan da kike hawa kujera ki murɗa yana nan yana tafiya.

Sai dai ta jawo min rawar hannu. Wani dattijo ya kawo agogon marigayiya matarsa, na sa gilashi a ido, na ɗauki hantsaki, ƙaramar kusa ta kuɓuce min sau uku. Na tuna Baba. Da hannunsa ya fara rawa bai jira an gani ba, ya bar wa Kawu shagon da mutuncinsa. Ni fa, shekara arba'in, ina zan nufa?

Don haka na ajiye ƙwayar, yau kwana uku. Kin san ƙa'idar aikinmu, agogo in ya tashi sai a rufe bayansa a daina taɓa shi. Na warke.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke kafin wasiƙarka ta iso.

Kai agogo ne? Wa ya ce ka warke, likita ko hantsakinka? Ka manta yadda na same ka bara, labule a sake wata uku, kofuna sun yi funfuna a ƙarƙashin gado, kana ce min ko sunanka ba ka son ji? Ni ban manta ba, don ni na wanke kofunan ina kuka.

Ba a yanke maganin nan haka kawai. Ka je ka shimfiɗa wa likita hannun nan ya gani. In ka ƙi, zan zo da kaina, kuma ka san bakina.

Allah ya ƙara sauƙi. Yayarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ga faɗanki, har na ji muryarki a ciki.

Yau kwana goma sha biyu da ajiye ƙwayar. Jiri ya dame ni, amma hannun ya ɗan tsaya. Abin da ban gane ba, na buɗe agogon dattijon jiya, na zauna ina kallonsa har rana ta karkata, ban ga dalilin gyara shi ba.

Kin tuna mu a ƙarƙashin teburin Baba, muna jan maganaɗisu a ƙasa muna neman kusar da ta faɗi, wanda ya samo a ba shi alewa? Kullum ke kike samowa, ki ba ni in miƙa. Warin man agogo, rediyonsa mai shaƙaƙƙiyar murya. Ina kewar lokacin nan, Yaya, kewa mai ciwo. Baba bai taɓa kai ƙarar hannunsa wajen kowa ba, ni ma ba zan kai ba.

Ki gaida yara. Auta.

*

Auta, ƙanina,

Ina gaishe ka. Yau ba faɗa zan yi ba.

Hannun Baba bai taɓa rawa ba. Har ya rasu yana iya zura wa Umma zare a allura. Shekararka takwas, ni sha huɗu, lokacin da ya shiga ɗaki ya saki labule. Shekara biyu yana ciki. Ni nake kai masa abinci, in ɗauko shi yadda na kai. Shi ya sa aka tura ka wajen Gwaggo, kuma Umma ce ta ƙirƙiro zancen hannu don kada ka tsorata. Da ka girma, muka rasa ta inda za mu warware.

A lokacin ba wanda ya san sunan abin, balle maganinsa. Da an ba ni ƙwayar nan, da na durƙusa na roƙe shi ya sha, ko da hannunsa zai yi rawa har ya kasa riƙe cokali. Na rasa uba a bayan labule. Kada ka sa in rasa ƙani.

Ka yafe min ɓoyon. Yayarka.

*

Yaya,

Salamu alaikum.

Na je. Likita ya kalli hannun, ya yi min faɗa kaɗan, ya ce in koma kan maganin, za mu gwada rage shi ko sauya wani, amma bai yi alkawari ba. Na sha ta yau. Dattijon kuma na ce masa ya ƙara haƙuri, hannuna rawa yake saboda magani. Ya ce zai jira.

Tambaya ɗaya, kuma kada ki gyara min amsar. A shekara biyun nan, Baba ya taɓa tambayar ina nake?

Auta.