Abin da Incaji Ya Tarar a Cikin Kambun Maiɗakina

Zuwa ga Malam Incaji, mai kula da asibitin unguwarmu a nan Wurno.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki. Na so in same ka a ofis mu yi wannan magana mu biyu, sai na tuna kai ma ba ka ja maiɗakina gefe ba ranar da ka yi mata taka. A gaban mata ka yi, don haka ni ma na kawo tawa inda kowa zai ji. Ka kwantar da hankalinka, ba ƙara na kawo ba. Labarin ya ƙare da daɗi, kuma kana da kaso a cikinsa, ko da yake ba da niyya ba.

Na ɗaya. Cikin maiɗakina na shiga wata na shida hannuwanta suka soma mutuwa. Babban yatsa da manuni da na tsakiya su yi ta zugi kamar ana soka mata ƙaya, can kuma ta daina jin su gaba ɗaya. Sana'arta ɗinkin hula. Allura ta riƙa zame mata ba ta sani ba, sai dai ta ga zare yana lilo. Ƙwaryar fura ta suɓuce mata a gaban baƙi. Barci ya gagara, kullum safiya na tarar da ita tana yarfe hannu kamar wadda ta taɓa wuta. Ta faɗa a wurin awo, aka ce mata laulayi ne, kowace mace da irin nata. Gwaggona ta ce iska ce ta shafe ta a bakin gulbi. Ni kuwa na karanta littattafai da yawa, har da waɗanda ba su amfane ni da komai ba, amma ban taɓa cin karo da shafin da ya yi wannan bayani ba.

Na biyu. Mun je suna Goronyo, a can muka haɗu da ƙanwar wani abokina, likita ce a Sakkwato. Ta danna wuyan hannun, ta sa maiɗakina ta lanƙwasa shi, nan take yatsun suka ɗauki zugi. Ta ce akwai jijiyar da ke bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya a wuyan hannu, ruwan da ciki ke tara wa jiki shi ke matse ta. Ta ce a riƙa tsayar da wuyan hannun a miƙe, musamman lokacin barci, a ɗora shi bisa matashi, a tsoma shi a ruwan randa in ya dame ta, a rage daka da matsar wanki. Galibi, in ji ta, yakan tafi bayan haihuwa. Sannan ta ja mana kunne da abu guda: kumburi a jikin mai ciki ba abin wasa ba ne, kada ta kuskura ta yi fashin awo, kuma kowane zuwa a auna jininta. Ta zana mini irin abin da ake ɗaurawa a hannun.

Na kai zanen wurin Nomau baduku a kasuwa. Ni malamin firamare ne, abin da nake da shi miƙaƙƙe mai faɗi shi ne rula ta katako, sai na raba ta biyu. Nomau ya naɗe ta da auduga, ya rufe da jar fata, ya yi mata maɗauri. To, ka san badukan garin nan. Ya bi gefen da koriyar fata, ya ƙara zane, ya rataya tuntaye. Na ce masa abin jinya ne, ba na amarya ba. Ya ce, "Malam, in ya hita haka tsirara, sunana ka ɓaci." Abin ya yi aiki. Maiɗakina ta samu barci. Ni kuma na karɓi matsar wanki, har 'yan majalisarmu suka naɗa ni Sarkin Wanki, sarautar da babu wanda ya yi takara da ni.

Na uku, kuma a nan ka shigo. Ranar awo ta ɗaura shi, domin riƙe ƙarfen kabu-kabu yana tayar mata da ciwon. Ka fito yi wa mata jawabin lafiya, idonka ya faɗa kan hannunta. Waɗanda ke wurin sun haddace maganarka: "Wanga mi na? Kambu kinka ɗauro muna asibiti?" Ta buɗe baki za ta yi bayani, amma mace mai ciki, a tsakiyar taro, gaban namiji babba, ka san iyakar abin da za ta iya faɗa. Ka tsayar da ita, ka yi doguwar lacca a kan camfi, wadda aka ce mini ta yi ma'ana ƙwarai, da a ce ta dace da wurin. Ka sa aka kawo almakashi, ka farke ɗinkin Nomau don ka nuna wa jama'a layar da ke ciki. Auduga ta fito. Rabin rula ya faɗo ƙasa. Rubutun da ke cikin kambun kaf shi ne ɗaya zuwa shida. Mata suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗauki katinta ta fita, ba a auna ta ba.

Na huɗu. Ta rantse ba za ta sake taka ƙofar asibitinka ba. Ta ce a ɗaki mahaifiyarta ta haife ta, ita ma a ɗaki za ta haihu. Nomau ya gyara ɗinki, amma ba shi da zaren da zai gyara wannan. Ranakun awo suka yi ta wucewa, ƙafafunta na ƙara cika, fuskarta ma ta soma. Na lallasa, na yi faɗa, na sa aka kira yayarta daga Rara, duk a banza. Malam Incaji, a nan kam ba na zolaya. Maganar likitar nan ta tsaya mini a rai, ina kallon matata tana kumbura, abin auna jini kuma yana hannun mutumin da ya kunyata ta.

Na biyar. Ashe laccarka ta shiga, sai dai ta bayan gida ta shiga. Cikin matan da suka yi dariya akwai da dama masu fama da irin wannan mutuwar hannu, sun yi shiru ne saboda su ma an ce musu laulayi. Suka soma sallama gidana ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo dubiya, idonsu kuwa na kan jar fata. Na gaya musu ni ba likita ba ne, ba kowane ciwon hannu ne wannan ba, kowa ta je a duba ta. Suka ce sun ji, suka wuce wurin Nomau. Da wata ranar awo ta zagayo sai ga su a ƙofar gida. Babbarsu, wata da ake kira Inno, ta leƙa ɗaki ta ce, "Tashi mu tai. In almakashi na, yau shi ka gajiya." Maiɗakina ta yi dariya, karo na farko tun wancan abu, ta jawo hijabinta.

Na bi su a baya, na tsaya ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin asibiti. Na ga sun jeru a kan benci, hannuwa bisa cinya, tuntaye na kaɗawa. Na ga ka fito, ka duba, ka koma ciki da sauri kamar ka tuna wani muhimmin aiki. Nas ɗinka, Allah ya yi mata albarka, ta auna maiɗakina ta tarar jinin ya soma hawa. Aka sa ta a magani, aka riƙa bibiyarta. A asibitinka ta sauka, lafiya lau, mun samu 'ya mace. Kafin ta gama wankan jego yatsun suka soma dawowa.

Saboda haka ga roƙona. Idan mace ta ce hannunta na mutuwa, a taɓa hannun kafin a ce laulayi, a kuma auna jininta. A sa wannan bayani cikin jawabin ranar awo, tunda ka iya jawabi, ba mai musun wannan. Idan ka ga baƙon abu a jikin majinyaci, ka tambaya, ka jira amsa. Ko da kambu ne na gaske, mai shi ta taso daga gida ta kawo kanta gare ka, korar ta ba za ta rage mata ciwo ba.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Ranar rigakafi mai zuwa maiɗakina za ta kawo jaririya. Ba ni na ce ta zo ba, ita ta tsayar da hakan, ta kuma ce ba ta buƙatar rakiya. Za ka same ta a kan benci cikin mata, riƙe da 'yarta a hannu biyu. Ka tsaya a gabanta, ka yi mata barka, ka ce ta yi haƙuri. Ta riga ta yafe, amma ba za ta faɗa ba sai ka nema.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a aikinka, ya sauki duk mai ciki lafiya a hannunka.

Wassalam.

Naka,
Malam Lawali, malamin firamare, Wurno.