Kurnar da Inna ta hana a taɓa

Zuwa ga yayana Salifu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa kurnar bayan gida ta yi 'ya'ya bana, karo na farko. Na rubuto a fili ne saboda saƙon murya ba ka cika saurare ba, amma na lura kana karanta abin da nake sawa a shafin nan nawa.

Ka san yadda bayan gidanmu na Deule yake a da: fako ne, ko akuya ba ta tsayawa. Damina ɗaya ka yi a kansa. Ka haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, ka dasa kurna da aduwa da bagaruwa. Kaka na wucewa ka shiga mota.

Sauran ba ka gani ba. Duk ƙarshen mako nakan taso daga Madawa a bayan babur, in ɗebo ruwa a jarka, in gyara shingen ƙaya inda awakin maƙwabta suka ɓarka. Kututturan kalgo da sabara da suka toho, ni na rage musu rassa har suka miƙe. Kurnarka gara ta cinye ta tun ranin farko. Wadda ke tsaye yau, a gwangwanin tumatir na rene ta daga ƙwallo, na sa ta inda taka ta mutu.

Yanzu akwai inuwa, kurciyoyi sun dawo, mata na roƙon ganyen kalgo. Kuma garin nan kaf garkar Salifu suke ce wa wurin.

A aikin jarida an koya mini in jingina kowane abu ga mai shi, shi ya sa zan faɗa yadda yake: ina kishinka, Yaya. Ba kishin Abijan ba, ba na kayan da kake aikowa ba. Kishin yadda Inna ke shimfiɗa tabarma a inuwar da na shayar, ta ɗaga kai ta dubi rassa, ta sa maka albarka.

Ka san al'adar gidanmu, wanda ya dasa itace shi ke fara cin 'ya'yansa. Da na kai hannu, Inna ta buge shi. Na tuna mata da gara da gwangwani, ai a gabanta aka yi. Ta ce, «Na sani, Rabi. Amma ramin wa kika sa ta? Ramin Salifu na.»

Na janye hannuna. 

To ga halin da ake ciki. 'Ya'yan na nuna suna zubowa. Inna na bi da sanda tana tsinta ɗaya-ɗaya, ga idon ya yi rauni, tana tarawa a ƙwarya, ta rufe da faifai. Jikokinta na kallo suna haɗiyar yawu. Ita kanta ba ta ɗanɗana ba, kuma ta rame fiye da yadda take nuna maka a waya. Ba na so kurnar nan ta yi 'ya'ya na biyu a rasa mai tsinta.

Ina tuna lokacin da muke yara, kana hawa kurnar hanyar Buza, ina ƙasa na baza zane. Jajayen kake jefo mini, kai ka ci ɗanyu. Ban taɓa yi maka godiya ba.

Na bar maka sunan garkar, ko da yake raina bai so ba. Ka zo kafin rani ya yi nisa. Ƙwara ɗaya za ka sa a baki a gabanta, mu ma mu samu mu ci.

Allah Ya buɗa maka hanya, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa ka tarar da ita zaune a inuwar.

Ƙanwarka mai ban-ruwa,
Rabi